Ɗanɗanon Shinkafar Matattu

Seoul, wata na tara, shekara ta huɗu ta sarautar sarkin Japan

Zuwa ga Yaya, uwar babban gidan Bong a Solmi,

Gaisuwa irin ta ƙani ga matar wansa. Ina fatan sanyin kaka bai shiga gwiwoyinki ba, an kuma kwashe shinkafa kafin ruwa ya taɓa ta. Ina gaida ɗanki da matarsa da jikoki. Ni ne Gyuhan, wanda kakansa da kakan marigayi mijinki ciki ɗaya suka fito. Na faɗi haka ne don an yi kusan shekara ashirin rubutuna bai shigo gidanki ba, kada ki zaci wani baƙo ne. Na yi amfani da haruffa masu sauƙi da mata ke koya don ki karanta da idonki, ba sai wani ya shiga tsakaninmu ba.

Jikina ba daɗi. Wani abu ya zauna mini a ciki tun damina. Likita ya latsa, ya wanke hannu, ya ce in ci duk abin da raina ke so. Kin san ma'anar wannan. Har yanzu ina zuwa aikina a ɗakin kakannin sarauta, inda nake karanta wa tsofaffin sarakunanmu da suka mutu kiran cin abinci, amma yanzu a keken da mutum ke ja ake kai ni.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ina so a ajiye mini wuri a tudun kakanninmu, ƙasa da kabarin kakana, wajen tsohuwar bishiyar nan da tsawa ta raba biyu. Ina so kuma a riƙa zuba mini ko da cokali guda idan an zuba wa sauran. Ɗana Ilsu yana aikin jirgin ƙasa, yana aske fuska kullum, ya ce matattu ba sa cin abinci. Da na yi masa maganar tudu, cewa ya yi in dattawa suka ƙi, takardar hukuma guda ɗaya ta isa ta buɗe kowane tudu a ƙasar nan.

Na haɗa da siliki ɗan kaɗan, ki yi rigar sanyi. Ina sauraron amsarki.

Ƙaninki, Gyuhan

Solmi, wata na goma, shekarar Maciji a ƙirgen gargajiya

Zuwa ga ƙanin mijina, babban ma'aikaci,

Na ga wasiƙarka. Muna lafiya, gwiwoyin ma suna nan suna kai ni inda nake so. An kwashe shinkafa, an biya abin da masu mulki suka yanka, abin da ya rage muna ci da ganye. Na ji ciwonka, ban kuma ji daɗi ba, kada ka ce na ji.

Ba sai ka lissafa mini kakanni ba. Na san ka tun kana ɗan shekara tara, lokacin da aka kawo ka gidan nan karatu, ni kuma ina amarya. Kai ne mai laɓewa bayan murhu kana jiran ƙanzon shinkafa, majina har leɓe. Ranar da ka ci jarrabawar fada, kwana uku ina kan ƙafata ina dafa wa garin nan abinci, mijina yana ta yawo yana cewa, "Ƙanena ne, ni na koya masa riƙon alƙalami." Shi kansa sau uku ya zauna jarrabawar bai ci ba, amma ko a fuska.

To yanzu dubi saman wasiƙarka. Shekarar wa ka rubuta mini? A gidan nan ka aiko da ita, gidan da mijina ya kwanta ya juya wa bango fuska ranar da aka ce ƙasa ta zama ta Japan, ya ƙi abinci har ransa ya fita. Kai kuwa a watan da ya rasu ka karɓi sabuwar rigar aiki mai maɓallan zinariya. Ba ka zo jana'iza ba, kyandir ka aiko.

Sannan ka zo mini da zancen takardar hukuma. Haba, Gyuhan! Roƙo kake ko barazana? In takarda za ta buɗe tudun, to ka zo da ita, ka zo da 'yan sanda su riƙe maka magirbi. Za su iya tona rami, amma ban ga takardar da za ta sa hannuna ya zuba maka shinkafa ba. Na karanta wa tsohon nan na gidan gangare, shi ne babba a dangi yanzu, haƙori biyu ya rage masa. Ya tofar da yawu, don ya ji ka yi aski irin na masu mulki, ya ce, "Wanda ya yanke gashin da iyayensa suka ba shi, da wane kai zai gaida su?"

Silikinka na mayar, yana cikin ƙunshin nan. Busassun 'ya'yan itacen gam masu zaƙi da ke ciki ba kyauta ba ce, sun yi mana yawa ne bana.

Matar wanka

Seoul, wata na goma sha ɗaya, shekarar Maciji

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi gwiwoyi suna aiki, na kuma ga harshen ma bai tsufa ba. Ni yanzu kunun shinkafa kawai ke zama a cikina, sai gam ɗin da ya yi muku yawa, ina tsotsa kaɗan kaɗan.

Kin yi mini mummunar fahimta. Na kawo maganar Ilsu ne don ki ga irin ɗan da zan bari a baya, ba don in tsorata ki ba. Ranar da ya faɗa, sandata na ɗaga masa. Shekarar da na rubuta kuwa, hannu ne ya saba, ban ma lura ba sai da kika nuna mini. Amma tun da kin taɓo ta, bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, don ke mai dafa wa matattu ce, za ki gane.

Kin san yadda ake yi. A jera akusa, a soka cokali a shinkafa, a karanta kira: shekara kaza, wata kaza, rana kaza, wane yana gayyatar wane. Sai a fita a rufe ƙofa, a ba su wuri su ci. In an jima a yi gyaran murya a buɗe. Kin kuma san abin da kowace tsohuwa ta sani, cewa abincin da matattu suka taɓa, ɗanɗanonsa ya tafi, sai dai a ci don albarka. A zamanin da, in aka raba mana ragowar abincin sarakuna, taunawa muke kamar ƙaiƙayi, muna murna.

Tun da aka umarce ni in riƙa buɗe kira da shekarar sarkin Japan, abincin yana da daɗi, Yaya. Naman da romonsa, shinkafar da zaƙinta. Samarin ofis suna lashe yatsu suna yabon mai dafuwa. Ni kaɗai na san abin da hakan ke nufi: babu wanda ya zo. Ta yaya za su zo? An gayyace su a shekarar da ba su taɓa jin sunanta ba. Ina rufe ƙofar nan in tsaya a waje, ina jin ɗakin a bayana wayam. Wani lokaci da tsakar rana nakan ji kamar tufafi masu nauyi suna jan ƙasa a bayan katanga, suna zagayawa, ba su gane ƙofa ba.

Abin da nake yi shi ne, in na karanta shekarar da aka sa ni da ƙarfi, sai in sunkuyar da kai kamar ina haɗiyar yawu, in faɗi tamu a hankali. Na ci gaba da ƙirga shekarun sarkinmu na ƙarshe, har bayan da ya rasu, don ba ni da wata. Raɗa ba ta isa kunnen tsofaffi. Sau ɗaya tak, shekarar da mura ta kwantar da mai sa mana ido, na ɗaga murya na faɗe ta yadda ya kamata. Ran nan abincin lami ya fito. Wani yaron ofis ya ce an manta gishiri. Ni kuwa na koma bayan ginshiƙi na yi kuka.

Ba na neman ki ce na yi daidai. Yaya mijinki ya zaɓi hanyarsa, ana rera sunansa. Amma da dukanmu mun juya wa bango fuska, wa zai tsaya a ƙofar nan? In na tafi, wanda zai gaje ni bai ma san ana ƙirga wata shekara ba.

Tsoro nake ji, Yaya. Na ga yadda yunwar matattu take. Kada a bar ni ina zagaya katanga.

Gyuhan

Seoul, wata na ɗaya, shekarar Doki

Zuwa ga Yaya,

Barka da sabuwar shekara. Ina fatan kun sha miyar sabuwar shekara lafiya. Ni ƙamshinta kawai na shaƙa. Na ajiye aiki, ƙafafuna sun kumbura, sai an ɗaga ni.

Wata biyu ke nan babu amsa. Na gane. Na buɗe miki cikina, kin ga abin bai kai a ɓata tawada ba, ko kuwa kun zauna da tsohon gidan gangare kun yi dariyar ma'aikacin da tsufa ya taɓa wa kai. Ba laifi. Ilsu ya samo wuri a maƙabartar gari, kusa da hanyar jirgi. Ya sayi jan ƙyallen da za a ɗaga gaban makara, ya ce za a rubuta muƙamin da hukuma ta ba ni da manyan baƙaƙe, abokan aikinsa su gani. Na ce masa ya yi yadda ya so.

Jiya da hantsi na ga Yaya mijinki a bakin ƙofar ɗakina, da rigarsa fara, ya rame har wuyansa kamar na tsuntsu. Kwanon kunun da ke gefena yake kallo.

Ba zan ƙara damun ki ba.

Gyuhan

Solmi, wata na biyu, shekarar Doki

Zuwa ga Gyuhan,

Muna lafiya, in ka cire ƙuguna. Ina fatan wannan ta same ka da sauran numfashi, don in ka mutu kafin ka karanta ta ba zan yafe maka ba.

Kai dai har yanzu yaron bayan murhu ne, in ƙanzo ya yi jinkiri sai kuka. Wa ya yi maka dariya? Washegarin da wasiƙarka ta zo na ɗaura ɗamara na fara bin gidajen dattawa ɗaya bayan ɗaya. A hanyar dawowa daga gangare santsin ƙanƙara ya kwashe ni, na kwanta wata guda da rabi a kan gadon bayana. Surukata ta ce ta rubuta maka a madadina, na ce a'a, kai ka ce kada wani ya shiga tsakani.

Ka san abin da ya tashe ni? Ba tausayinka ba ne kaɗai. Maganar ɗanɗano ce. Gyuhan, shinkafar da nake zuba wa marigayi wanka ma daɗi gare ta. Duk shekara in aka buɗe ƙofa, akushin surukina lami, na kakanni lami, nasa kuwa kamar yanzu aka sauke. Mu ba ma karanta shekarar kowa, in an zo wurin sunan sarki ɗana shiru yake yi ya wuce. Saboda haka ba ɓata hanya ya yi ba. Yana zuwa, ina jin sanyinsa a wuyana. Zama yake ya ƙi ci. A kwanakinsa na ƙarshe kullum sai na dafa na kai, in durƙusa in ce, "Ko romo ne, uban yara." Sai ya ce, "Ɗauke, ƙasar da ta haifi shinkafar nan ba tamu ba ce." Mutane suna cewa gwarzo ne. Ni ce nake fita da akushin, har yau ni nake fita da shi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ina jin haushinsa kamar yadda nake jin naka.

Yanzu ga abin da dattawa suka yanke, bayan an sha hayaniya. Tsohon gidan gangare ya ce, "Muƙamin Japan ba zai hau tudun nan ba ko a kan ƙyalle." Na ce to a rubuta wanda sarkinmu ya ba shi. Ya ce, "Ke mace, ba a tsince muƙami kamar tsakuwa a shinkafa. Na ƙarshe da mutum ya riƙe shi ake rubutawa, haka aka gada." Na ce masa shi da bai taɓa riƙe ko na mai gadin rumbu ba, ina ya sani. Aka yi ta ba shi baki.

Ƙarshenta sun yarda a binne ka, amma ba wajen bishiyar kakanka ba. A ƙasa, gefen wanka. Kuma a jan ƙyalle da takardar kira ba za a rubuta maka muƙami ko ɗaya ba, sai "ɗalibi", yadda ake rubuta wa wanda bai taɓa shiga fada ba. Jarrabawar, kwana ukun nan na biki, shekarunka arba'in, duk a share. Haka aka rubuta wa wanka. Na san abin da wannan zai yi maka, na ga fuskarka ranar da ka shigo garin nan a kan doki da furanni a hula.

Ka zaɓa, ka amsa da wuri. Ƙasa ta fara sakin ƙanƙara.

Yayarka

Seoul, wata na uku, shekarar Doki

Yaya,

Ina gaisuwa, ina yi wa ƙugu sannu. Ki gafarta mini wasiƙar baya. Rubutun nan ya karkace, a kwance nake yi.

Kwana biyu ina fushi. Na sa aka ciro mini takardar naɗin da fada ta ba ni, mai jan hatimi, na ɗora a ƙirji. Mahaifiyata ta sayar da gashin kanta don in je jarrabawar nan. Na ce wane ne tsoho mai haƙori biyu da zai mai da ni ɗalibi? A rana ta uku na tambayi kaina, in an kira ni da wancan muƙamin, wa zai amsa? Saurayin da aka ba shi ya daɗe da tafiya. Ɗalibi kuwa na san shi, yana bayan murhunki.

Na yarda. Ilsu ya yi ta faɗa, ya ce zan kunyata shi gaban manyansa. Na ce, "Kai da ka ce matattu ba sa ci, me ya dame ka da abin da suke sawa?" Ya fita, ya dawo da jajayen idanu. Zai kawo ni a jirgi. Ki yi masa sassauci, bai taɓa ganin tudun ba, laifina ne.

Abu ɗaya nake roƙo. In an kira ni, kada ɗanki ya yi shiru a wurin shekara. Ya faɗi tamu, bana ta ashirin da huɗu ce, ya kuma faɗe ta da ƙarfi. Ni na gaji da raɗa.

Maganar Yaya mijinki kuwa, ki bar mini. Shekara arba'in aikina ke nan, lallashin matattu su ci abinci. Sarakuna sun fi ƙarfina, amma shi na san lagonsa. Tun ina yaro ba ya iya ganin ina ci ni kaɗai, sai ya ce, "Kai makwaɗaici, matsa," ya sa hannu. Ki ajiye akusanmu kusa da juna.

In akwai ƙanzo, ki sa mini a gefe.

Ƙaninki, ɗalibi Gyuhan

Solmi, wata na takwas, safiyar bikin cikar wata, shekara ta ashirin da huɗu

Zuwa ga Gyuhan,

Ina fatan ka saba da wurin, ruwan damina kuma bai dame ka ba. Ciyawa ta rufe kabarinka da kyau, ɗana ya yanke ta shekaranjiya. Mu muna lafiya. Ƙugun yana faɗa mini in hadari zai taso. Wannan ba ta bi ta gidan waya ba, za a ƙone ta tare da takardar kira, ka karɓa a can.

Ba ka ga zuwanka ba, bari in ba ka labari. Ɗanka ya sauko da kai daga keken shanu da takalmansa masu ƙyalli, ya rasa yadda ake durƙuso. Jan ƙyallen da ya saya shi aka yi amfani da shi, ya juya bayan ƙyallen aka rubuta "ɗalibi". Tsohon gidan gangare ya ce ba zai zo ba, sai ga shi a bayan kowa yana gyara wa masu haƙa kuskure. Yau ma Ilsu ya zo, ba wanda ya kira shi. Ya tsaya riƙe da hula, har ya tambaye ni ta wane gefe ake soka cokali.

Dattawa sun ce ba a zuba wa ɗan wani reshen dangi a babban gida. Na ce su zo su cire akushin da hannunsu. Na jera naka jikin na wanka, ƙanzo a gefe. Ɗana ya karanta kira, da ya zo wurin shekara ya waiga ƙofa, don ofishin 'yan sanda ba nisa, amma ya faɗe ta har kare ya yi haushi a waje. Muka fita, muka rufe ƙofa.

Ni dai ban ji komai ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ba motsin tufafi, ba ƙarar cokali. Sanyin nan da nake ji a wuya ma ban ji shi ba. Aka yi gyaran murya, aka buɗe. Na ɗauki akusan biyu na kai kicin, na tura surukata ɗebo ruwa don kada a kalle ni.

Na fara da naka. Lami. Na ce dama, wannan ai ba a yi masa tayi sau biyu. Sai na daɗe tsaye da cokali a kan na wanka. Shekara ashirin ina sanin abin da zan ji.

Lami, Gyuhan. Kamar na tauna takarda jiƙaƙƙiya.

Surukata ta dawo ta same ni zaune a ƙasa da akushi a cinya. Ta ɗanɗana ta ce, "Inna, ai shinkafa ce kamar kullum, bakinki ne ya tsufa." Wataƙila. Na ce ta je ta kula da baƙi.

Abu guda ne ya tsaya mini a rai, don na san halinka tun kana da majina. Ƙanzon ma ba ka bar masa ɗanɗano ba. Shi ne ya ce ka matsa ya sa hannu, ko kuwa kai ne ka cinye duka biyun?

In kai ne, kada ka gaya mini. Baɗi ma zan dafa.

Yayarka